Yadda Ƙaramin Kamfanin Intanet Zai Rage Cunkoso, Ya Matso da Bidiyo Kusa da Kwastomominsa

Duk wanda ya taɓa riƙe netwok na kamfanin sayar da intanet ya san ƙarfe 9 na dare. An idar da isha'i, an ci tuwo, kowa ya kishingiɗa da wayarsa, sai kiran kwastomomi ya fara shigowa: bidiyo yana tsayawa, hoton WhatsApp ya ƙi sauka, kiran bidiyo ya koma murya kaɗai. Ka buɗe jadawalin layinka, sai ka tarar zanen da ya saba hawa da sauka kamar tudu ya miƙe samɓal daga sama, kamar an sa wuƙa an fille masa kai. Abin da ke fara zuwa ran mai kamfani shi ne a kira masu sayar da layi a ƙaro megabit. Wani lokaci hakan ne magani. Amma sau da yawa kuɗin zai tafi, bayan wata biyu cunkoson ya dawo, domin ba a taɓa tushen ciwon ba: kayan da mutanenka suke kallo daga nesa suke tahowa, ta hanyar da ta fi kowace tsada, kuma suna tsayawa jerin gwano a inda bai kamata ba.

Na rubuta wannan ne domin injiniyan ƙaramin kamfani, a ce a Kano ko Kaduna ko Abuja, mai kwastomomi daga ɗaruruwa zuwa 'yan dubbai. Matakan suna bin juna, kuma na farkon ba ya tsallakuwa.

Mataki na farko: ka san abin da ke bi ta layinka

Likita ba ya ba da magani kafin awo. Jadawalin da ke nuna yawan megabit kaɗai, irin na LibreNMS ko Zabbix, yana gaya maka layi ya cika, amma ba ya gaya maka da me ya cika. Ka kunna NetFlow ko sFlow ko IPFIX, masu ƙirga daga ina kaya suke zuwa, a kan rautar bakin iyaka, wato wadda ke fuskantar waje, ka tura bayanan zuwa wata saba, kwamfutar hidima, mai ɗauke da manhajar tantance su, Akvorado ko pmacct ko ntopng. Abin da kake nema jeri ne na netwok goma da suka fi turo maka kaya, bisa lambar ASN ɗinsu, wato lambar shaidar kowane netwok a intanet. Google lambarsa 15169, Meta 32934, Netflix 2906, Cloudflare 13335, Akamai 20940. Kusan a ko'ina, in aka yi wannan awon, sai a ga 'yan tsirarun kamfanoni ne ke riƙe da mafi yawan kayan. Wannan labari ne mai daɗi, domin matsalar da ke hannun mutum biyar ta fi sauƙin warwarewa a kan wadda ke hannun dubu.

Ka bar awon ya yi aƙalla mako biyu, har da Juma'a da ƙarshen mako. Ka kuma riƙe a ranka cewa azumi yana juya jadawali: dare ya raya har zuwa sahur, safiya ta yi shiru.

Sai awo na biyu, na jinkiri. Ka kafa SmokePing yana auna wurare huɗu ko biyar dare da rana, sannan da ƙarfe 9 na dare ka zauna da kanka ka buga mtr, mai nuna jinkirin kowane zango na hanya a milisakan, zuwa sabar da bidiyon YouTube yake fitowa. Ka bi layukan da ido ɗaya bayan ɗaya. In ka ga lambar tana tafiya 2, 5, 22, sai kwatsam ta yi tsalle ta haura 100, to kayanka sun tsallaka teku ke nan. Haske a cikin fayiba yana cin kimanin kilomita 200 ne a milisakan ɗaya, kuma babu kuɗin da zai sa ya ƙara sauri. Tsakanin Kano da Legas akwai wajen kilomita 1,000, zuwa da dawowa milisakan 10 ke nan ko da hanya ta miƙe, a aikace kuma ya kan fi haka. Legas zuwa Landan kuwa ana maganar kusan milisakan 100.

Me ya sa wannan ya dami mai kallon bidiyo? Saboda TCP, ƙa'idar jigilar bayanai a intanet, yana aika kaya ne ya jira a ce sun iso kafin ya ƙara. A ce tagar aikawa, wato yawan abin da yake turawa kafin ya jira amsa, kilobayit 64 ce. In zuwa da dawowa milisakan 100 ne, ba za a wuce megabit 5 da 'yan kai a sakan ba, ko da layinka na gigabit ne. In milisakan 10 ne, sai a haura megabit 50. Na'urorin yanzu suna buɗe tagar fiye da haka, amma ƙa'idar tana nan, kuma da zarar ƙunshin bayanai ya fara ɓacewa a hanya, mai nisa ya fi shan wahalar farfaɗowa.

Ka kuma duba yadda ake cajinka. Yawancin masu sayar da layi ga kamfanoni suna auna ka duk minti 5, su zubar da kashi 5 cikin ɗari mafi sama na watan, su caje ka a kan abin da ya rage a ƙoli. A wata mai kwana 30, sa'o'i 36 ke nan ake yafe maka. Ma'ana, cunkoson dare shi ke yanka maka farashi. Duk megabit ɗin da ka janye daga layin haya, wato wanda kake biya don ya kai ka intanet ɗin duniya, tsakanin ƙarfe 8 da 11 kuɗi ne ya dawo aljihunka.

Mataki na biyu: ka mallaki lambarka da adireshinka

Muddin adireshin IP ɗin da kake rabawa na wanda ya sayar maka da layi ne, to kai ɗan haya ne, ba ka da bakin zaɓar hanya. Ka zama mamba a AFRINIC, hukumar da ke raba lambobin intanet a Afirka, mai hedikwata a Morishiyos, ka nemi ASN da adireshi. Tun watan Janairun 2020 adireshin IPv4 ya yi ƙaranci a hannunta, mafi yawan abin da ake bayarwa a lokaci guda /22 ne, wato adireshi 1,024, mafi ƙaranci kuma /24. Ka haɗa da neman /32 na IPv6 a tafiya ɗaya. Da sun fito, ka yi abu uku a ranar: ka rubuta bayanan hanyoyinka a kundin AFRINIC, ka sa hannun RPKI, shaidar cewa kai ke da ikon sanar da shi, a kan kowane rukunin adireshi, ka buɗe shafi a PeeringDB, kundin da netwok suke neman juna a ciki, da lambar waya da imel da ake amsawa. Manyan kamfanoni PeeringDB suke fara dubawa kafin su saurare ka.

Mataki na uku: ka shiga mahaɗar musaya

Mahaɗar musayar intanet kasuwa ce. Kowa ya jawo fayibarsa ya soka a suwic ɗaya, ana musayar kaya kai tsaye ba tare da dillali ba. A Najeriya IXPN ce, wadda aka kafa a Legas a 2006, tana kuma da rassa a Abuja da Fatakwal da Inugu da Kano. Kuɗin da za ka biya na ƙofar da ka soka ne da na fayibar da ta kai ka can, ba na kowane megabit ba.

Amma fa a lura, shiga reshen da ke kusa da kai ba ya nufin ka sami duk wanda ke Legas. Ka buɗe PeeringDB ka ga su wane ne a wannan reshen takamaimai, ka kwatanta da jerin goman da ka fitar a matakin farko. In manyan masu turo maka kaya a Legas kaɗai suke, to lissafin ya koma haka: nawa ne kuɗin ɗauko layin jigila zuwa Legas, idan aka kwatanta da abin da kake biya yanzu don waɗannan kayan su zo ta layin haya? A ganina, wannan lissafin shi ne mafi muhimmanci da kamfanin arewa zai yi, domin igiyoyin ƙarƙashin teku a kudu suke sauka, kuma nisan cikin ƙasa shi ke cin kuɗinmu. Idan kai kaɗai ba za ka iya ba, ku haɗu ku biyu ko uku ku ɗauki layi ɗaya ku raba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Da ka shiga, ka fara haɗawa da sabar hanyoyi ta mahaɗar, wadda da zama ɗaya na BGP, ƙa'idar da rautoci suke sanar da juna hanyoyi da ita, za ta ba ka hanyoyin mambobi da yawa. Daga nan ka nemi haɗin kai tsaye da manyan. Wasu ba sa sakin dukkan hanyoyinsu ta sabar gama-gari, sai ka cike fom a shafinsu.

Mataki na huɗu: ka gaya wa BGP abin da kake so

Nan ne aiki yake, nan ne kuma ake yin ɓarna. BGP bai san tsada ba, bai san jinkiri ba, bai san layi ya cika ba. In ka bar shi da halinsa, yawan netwok ɗin da ke kan hanya zai ƙirga ya zaɓi mafi gajarta, ko da ita ce mafi tsada.

Kayan da ke fita daga wurinka suna hannunka. Ka yi amfani da lambar fifiko ta cikin gida, wadda asalinta 100 ce, kuma mai lamba babba shi ke cin nasara. Tsarin da aka saba: hanyoyin kwastomominka 300, na mahaɗar musaya 200, na layin haya 100. Shi ke nan, duk abin da ake samu a mahaɗa ta nan zai bi.

Kayan da ke shigowa su ne masu wuya, kuma su ne mafi yawa a wurin mai sayar wa gidaje. A nan roƙo kake yi, wancan ɓangaren ke yanke hukunci. Kana da dabaru uku. Za ka iya maimaita lambar ASN ɗinka sau biyu ko uku a sanarwar da kake yi wa layin da ba ka so a bi, don hanyar ta yi kama da mai nisa; fiye da uku ba ya ƙara komai sai haɗari. Za ka iya amfani da alamomin BGP da mai sayar maka da layi ya wallafa, waɗanda ke ce masa ya rage fifikon hanyarka ko kada ya sanar da ita ga wane. Sannan za ka iya yanka adireshinka, ka sanar da /22 ɗin gaba ɗaya ta ko'ina, ka ƙara sanar da /24 ta layin da kake so, tunda rauta kullum tana fifita sanarwa mafi ƙanƙanta. Wannan ta ukun tana da kaifi, sai a yi ta da hankali. Kada ka yanka ƙasa da /24 a IPv4 ko /48 a IPv6, duniya ba za ta karɓa ba.

Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya sanar da ƙananan yanka ta layin haya, ya sanar da babban kaɗai a mahaɗa. Sai ya zauna yana mamakin me ya sa ƙofarsa ta mahaɗa ba ta motsi, alhali da hannunsa ya ce wa kowa ya biyo ta mai tsada. Abin da ka sanar a layin haya, ka sanar da irinsa daidai a mahaɗa.

Kafin ka tayar da kowane zama na BGP, ka tabbata matatar hanyoyi ta riga shi hawa. Abin da zai fita daga wurinka adireshinka ne da na kwastomominka, ba ƙari. A watan Nuwamban 2018 kuskuren saiti a rautar MainOne ya sa hanyoyin Google da aka karɓa a Legas suka zube zuwa China Telecom, kayan Google na sassan duniya suka karkata ta can sama da sa'a guda. Kamfanin ya fito ya amsa cewa kuskure ne. Idan hakan zai sami babba mai ƙwararrun ma'aikata, kai ma zai iya samunka. Ka sa iyakar yawan hanyoyin da za ka karɓa daga kowane abokin haɗi, ka ƙi duk wadda RPKI ta ce ba ingantacciya ba ce, kuma duk canjin da za ka yi ka bari sai bayan ƙarfe 2 na dare, da hanyar komawa baya a rubuce a gabanka.

Mataki na biyar: ka kawo rumbun ajiye bidiyo cikin gida

Waƙar da ta fito yau mutum dubu za su kalla a unguwa ɗaya. Babu dalilin da zai sa a jawo ta daga Legas sau dubu. A da ana kafa manhajar Squid a tare kaya a ajiye, amma yanzu kusan komai a rufe yake da HTTPS, ba ka ganin cikinsa balle ka ajiye. Kada ka ɓata kuɗi a kan wannan. Hanyar da ta rage ita ce masu kayan da kansu su ajiye rumbunsu a ɗakinka: Google Global Cache, Netflix Open Connect, na'urorin Meta, da na Akamai. Su ke kawo sabar, su ke kula da ita daga nesa. Kai kuma wurin ajiya, wuta, sanyi da layi ne naka.

Kowannensu yana da mafi ƙarancin yawan kayan da zai gani kafin ya amince, shi ya sa awon matakin farko yake da amfani, da shi za ka cike takardar nema. In ba ka kai ba, ka tambayi mahaɗar musaya ko mai sayar maka da layi ko suna da rumbun da ake rabawa.

Abu uku ake mantawa da su. Na ɗaya, rumbu ba ya cika kansa. Yana buƙatar layin ɗebo kaya. Na Netflix da tsakar dare yake cika, lokacin da layi ba kowa, na Google kuwa yana ɗebowa ne a duk lokacin da aka nemi abin da ba ya ciki. Ka tabbatar ɗebowar tana bi ta mahaɗa in akwai hali. Na biyu, rumbun yana sanin waɗanda zai yi wa hidima ne ta zaman BGP da ke tsakaninku. Rukunin adireshin da ka manta ba ka sanar masa ba, mutanen cikinsa za su ci gaba da ɗebowa daga nesa, sabar tana nan a gefensu. Na uku shi ne wuta. Ranar da rumbu ya mutu da ƙarfe 9, duk nauyin da yake ɗauka kan layin haya zai faɗo lokaci guda. Na taɓa tsayawa a ɗakin saba a watan Afrilu, na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya, fankokin saba suna ƙara kamar injin niƙa, ina kallon ma'aunin zafi yana hawa har ta kashe kanta; cikin minti biyu layin waje ya toshe. Tun daga ranar nake cewa batir da janareta da na'urar sanyi ta biyu suna cikin kayan netwok, daidai da rauta.

Mataki na shida: DNS naka, a cikin gidanka

Da yawa daga masu rarraba kaya suna duba inda tambayar DNS, wato neman adireshin IP na sunan shafi, ta fito ne su zaɓa wa mutum sabar da ta fi kusa. Ka kafa Unbound, manhajar amsa tambayoyin DNS, a saba biyu cikin netwok ɗinka, da adireshinka, ka raba su ga kwastomomi, ka rufe su daga 'yan waje. Idan kuma kundayen duniya suna nuna adireshinka a wata ƙasa, ka wallafa fayil ɗin bayyana wuri bisa tsarin RFC 8805, ka aika wa manyan kamfanonin.

Mataki na bakwai: ka gyara jerin gwano

Akwai kwastoman da zai auna sauri ya ga megabit 20 cif, amma kiransa yana yankewa da zarar yaro ya fara sauke wasa a ɗaki na gaba. Wannan ba ƙarancin layi ba ne. Na'urar da ke wuyan hanya, galibi rediyon kan hasumiya, tana da ma'ajiya mai zurfi. In kaya suka yi yawa sai ta tara su, ƙunshin muryar mai kira ya tsaya a bayan ɗaruruwan ƙunshin wasa, kamar mai sayen ashana ɗaya a bayan masu sarin buhuna. Gwajinsa da sauƙi: ka bar ping yana tafiya, ka fara sauke babban fayil. In jinkirin ya tashi daga 20 zuwa ɗaruruwa, ka kama ɓarawon.

Maganinsa fq_codel ko CAKE, tsare-tsaren sarrafa jerin gwano. Suna raba wa kowace hira nata layin, su ba ƙananan ƙunshi hanya, su hana jerin yin tsawo. CAKE ya shiga Linux tun 2018, kuma RouterOS 7 na MikroTik yana da su duka biyun. Mai kwastomomi da yawa ya duba LibreQoS, manhaja ce kyauta da ake ɗorawa a saba ta tsaya a tsakiyar hanya tana yi wa kowane gida nasa.

Sirrin shi ne jerin ya taru a na'urar da kake iko da ita. Saboda haka ka saita iyakar a kashi 90 zuwa 95 cikin ɗari na abin da layin yake iya ɗauka da gaske, ba abin da aka rubuta a kwali ba. Rediyon da ke ba da megabit 300 da rana tsaka ba lallai ya ba da haka ba ranar ruwan sama, don haka ka auna da iperf3 a lokuta daban-daban ka ɗauki na ƙasa. Ka yi wa kowane kwastoma iyaka, ka kuma yi wa kowace hasumiya tata. Ni ban goyi bayan a zaɓi wata manhaja a shaƙe ta ba, ko a toshe QUIC, wata ƙa'idar jigilar bayanai da ke bi ta UDP 443. Mutum ya biya kuɗinsa, shi ya san abin da zai kalla. Raba daidai tsakanin gidaje ya wadatar. Kuma wannan gyaran ba ya haifar da megabit ɗin da babu: layin da ke haura kashi 75 cikin ɗari kowane dare, lokacin faɗaɗa shi ya yi.

Ƙananan abubuwa masu hana barci

In kana amfani da PPPoE wajen haɗa kwastomomi, girman ƙunshi 1492 ne maimakon 1500, sai ka daidaita MSS, iyakar bayanan da ƙunshin TCP yake ɗauka, zuwa 1452. Alamar rashin yin haka ita ce wasu shafuka su buɗe, wasu su tsaya rabi. Kada ka toshe ICMP, saƙonnin da na'urori suke sanar da juna matsalar hanya da su, gaba ɗaya. In kana cusa gidaje da yawa bayan adireshi ɗaya, ka yi amfani da rukunin 100.64.0.0/10 da aka ware don haka, ka bar wa kowane gida ƙofofi aƙalla dubu, in ba haka ba taswira da shafuka masu hotuna da yawa za su riƙa ɓallewa. Ka kunna IPv6 har gidan kwastoma: Google da Meta da Netflix duk suna kansa, kuma duk abin da ya bi ta nan ya sauke wa na'urar fassara adireshi nauyi.

Mataki na ƙarshe: hanya ta biyu, ka kuma gwada ta

Ranar 14 ga Maris 2024 igiyoyin teku huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Kwaddibuwa, intanet ya yi rauni a ƙasashen yammacin Afirka da dama. Waɗanda suke da hanya ta Equiano, wadda ta sauka Legas a 2022, ko ta Glo-1, sun sami inda za su karkata. Kayan da ke cikin rumbunan gida da na mahaɗa kuwa ba su dogara da teku kamar sauran ba.

Don haka in za ka ɗauki mai sayar da layi na biyu, sunan kamfani daban bai isa ba. Ka tambaye su wace igiyar teku suke hawa, kuma ta wace hanya fayibarsu ta shigo garinku. Kamfani biyu suna iya kwana a rami ɗaya a gefen titi, katafila ɗaya ta masu aikin hanya ta tsinke su tare. Ka nemi taswirar a rubuce. Ka kunna BFD, mai saurin gano yankewar layi, a kan zaman BGP don rauta ta gane mutuwar layi cikin ƙasa da sakan, maimakon jiran agogon BGP da kan kai sakan 90 ko 180.

Sannan ka zaɓi wani dare, ka sanar da kwastomomi, ƙarfe 3 ka zare fayibar layin farko da hannunka. Ka riƙe agogo ka ga sakan nawa kaya suka ɗauka kafin su koma ta biyun, ka duba ko ta ɗauki nauyin, ka ga ko DNS da rumbuna suna nan suna aiki. Ka mayar, ka zare ta biyun. Ka rubuta abin da ka gani da kwanan wata, ka ajiye kusa da jadawalin ƙarfe 9 na makon, bayan wata uku ka sake.